Hula mai ƙaho uku: yadda kwamfuta ke bin kan matuƙin jirgin wasa

Ɗan yayata yana zaune a Sabon Garin Damagaram, a ɗakin da ke jikin zaure, kuma tun da ya gama jami'a ba shi da wata hira sai ta jirgin sama. Ba jirgin gaske ba, na cikin kwamfuta. Ranar da na fara leƙa shi na tarar da shi sanye da hular hana-sallah wadda aka liƙa wa wata waya mai ƙaho uku, ya ƙura wa allo ido yana ɗan karkata kai kamar ƙadangare a kan katanga. Ya ɗan juya hagu, sai duk abin da ke allon ya juya, fiffiken jirgin ya bayyana, ga jar ƙasa can nesa a ƙarƙashinsa. Ya sunkuyo gaba, agogunan jirgin suka matso har ana karanta lambobinsu. Hannunsa yana kan sandar tuƙi, bai danna komai ba. Mahaifiyarsa ta leƙo da kwanon fura ta ce mini, "Don Allah tambaye shi ko wuyansa ke ciwo, yau kwana nawa yana wannan gyaɗa kai." Shi kuwa ya tuɓe hular ya miƙo mini: "Kawu, zauna ka gwada. In ka gane, sai ka yi wa Inna bayani, ni na gaji."

Na zauna na gwada, na kuma faɗo da jirgin kafin furar ta huce. Amma tun daga ranar nake bin diddigin abin, kuma na fahimci dalilin da ya sa masu wannan wasa suke fifita ƴar wannan na'ura a kan sandar tuƙi mai tsada.

A fara da ciwon kafin maganin. Idanun mutum biyu suna ɗaukar faɗin da ya kai wajen digiri 200, ga wuya kuma yana ƙara masa digiri 70 zuwa 80 ta kowane gefe. Allon kwamfuta kuwa taga ce, irin ƙananan tagogin tsofaffin sorayen Birni: abin da ke gabanka kaɗai take nuna maka. A wasan ƙwallo ko na tseren mota wannan bai cika damun kowa ba, don abin da kake nema yana gaba. Jirgi ba haka yake ba. Matuƙin ƙaramin jirgi irin Cessna 172, idan zai sauka, yakan bi gefen titin saukar ne a tsayin ƙafa dubu, wato wajen mita 300, titin yana hagunsa, har ya wuce shi ya bar shi a bayan kafaɗa, sannan ya yi kwana biyu zuwa hagu ya fuskance shi. Duk tsawon wannan zagaye idonsa yana kai da komowa tsakanin titin da agogon gudu da sararin sama, ko da wani jirgin a kusa. A wasannin yaƙi irin DCS World da IL-2 Sturmovik abin ya fi tsanani, don abokin gaba ɗigo ne kamar ƙuda a sararin sama, kuma ba ya zuwa ta gaba. In ya ɓace maka na sakan biyu, a bayanka za ka same shi.

Da can maganin shi ne wani ɗan maɓalli a kan sandar tuƙi, wanda ake turawa da babban yatsa hagu, dama, sama ko ƙasa don juya kallo. Yana aiki, amma a kwatanta ɗan kabu-kabu a shataletalen da ya cika da motoci, an ɗaure masa wuya, an ce duk lokacin da zai duba gefe sai ya danna maɓalli da yatsan da yake riƙe totur da shi. Ba zai kai gida lafiya ba.

To, in kwamfuta za ta bi motsin kai, ai nan take wata tambaya ta taso, kuma ita ce na fara yi wa yaron. In na juya kaina don in ga bayan jirgi, bangon ɗakinka zan gani, ba allo ba. Amsar wannan tambaya ita ce gishirin zancen duka. Na'urar ba ta kwaikwayon motsinka daidai wa daida, ninka shi take yi. Ka juya kai digiri 15, kallon cikin jirgi ya juya 90. Ka kai digiri 30, ya juya 180, kana kallon wutsiyar jirgi, alhali fuskarka ba ta bar allon ba. Idonka kuwa da kansa yake gyara sauran. Akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa guda uku a cikin kowane kunne da ke jin juyin kai, su ne ke sa ido ya koma kishiyar inda kai ya nufa ba tare da ka yi tunani ba. Kowa zai iya gwadawa yanzu: kafa ido kan kalma ɗaya a wannan rubutu ka girgiza kai kamar mai cewa a'a, kalmar ba za ta gushe ba. Da wannan baiwar ta halitta masu na'urar suka dogara. Sun ba ka wuyan mujiya, wadda ke iya juya kai har digiri 270, ba tare da sun taɓa wuyanka ba.

Motsin da kai ke iya yi iri shida ne. Uku na juyi: girgizawa hagu da dama kamar mai ƙin magana, gyaɗawa sama da ƙasa kamar mai amincewa, da karkatawa zuwa kafaɗa kamar mai sauraren gulma. Uku kuma na gusawa: matsawa gefe, ɗagowa ko nutsewa a kujera, da sunkuyowa gaba ko ja da baya. Na'ura mai bin uku na farko kaɗai ta isa a kalli gefe da baya. Amma sai da na gwada mai shida na san amfanin sauran. A cikin jirgi akwai ƙarafan da ke riƙe gilashi, kuma jirgin da kake nema yakan laɓe daidai bayan ɗaya daga cikinsu; sai ka ɗan goce kai ka leƙa, yadda za ka leƙa mutum ta bayan ginshiƙin masallaci. Ko kuma wani maɓalli ya ɓuya bayan sandar tuƙi, ka miƙa wuya ka hango shi.

Abin da ke bin motsin kan ƴar kyamara ce da ake ɗorawa bisa allo. Yaya kyamara ɗaya, mai ido ɗaya, take gane duk waɗannan? Nan ƙahonin uku suka shigo. A ƙarshen kowane ƙaho akwai ɗan ƙwan fitila mai ba da hasken infirared, hasken da idon mutum ba ya gani. Irinsa ne a bakin rimot ɗin talabijin. Ka nuna rimot ga kyamarar waya ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga wani haske fari-fari mai ratsin shuɗi yana ƙiftawa. Kyamarar da ke bisa allo an toshe mata hasken da muke gani, saboda haka ba ta ganin fuskarka, ba ta ganin ɗakin, ɗigo uku farare kawai take gani cikin baƙin duhu. Manhajar kuma an riga an faɗa mata nisan da ke tsakanin ɗigon nan a zahiri, milimita kaza da kaza.

A ɗauki duwatsun murhu uku. In kana tsaye bisa kansu, kusurwa uku kake gani a buɗe. Ka ja baya, su matsu kusa da juna. Ka zagaya gefe, ɗaya ya fara shiga bayan ɗaya. Wanda ya san ainihin yadda aka girka su zai iya faɗin inda ka tsaya daga surar da kake gani kaɗai. Lissafin da kwamfuta ke yi ke nan, a juye: ita tana tsaye wuri ɗaya, murhun ne ke motsi a kanka. Shi ya sa ba a jera fitilun a layi ɗaya, dole ɗaya ta fi sauran kusa ko nisa da kyamara. Da ɗigo ɗaya, hagu da dama da sama da ƙasa kawai za a sani, kuma ba za a bambance mai juya kai da mai gusa kujera ba. Da uku, an samu duka shidan.

Dabarar ta girmi wasannin. A 1968 Ivan Sutherland ya haɗa gilashin kallo na kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda wani hannun ƙarfe da ke rataye daga rufin ɗaki yake auna motsin kan mai sanye da shi. Sojoji suka ɗauki abin da gaske: jirgin yaƙi MiG-29 na Tarayyar Sobiyet tun a shekarun 1980 matuƙinsa yana saita makami mai linzami da kallo ta hular kwano, kuma bindigar jirgi mai saukar ungulu Apache na Amurka tana bin duk inda matuƙi ya juya kai. Wadda ta shigo da abin ɗakin talaka kuwa ita ce TrackIR, ta kamfanin NaturalPoint da ke garin Kobalis a jihar Oregon, wadda ta fito a 2001. Asalin fasahar don naƙasassu aka yi ta, waɗanda ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta, su motsa kibiyar allo da kai. Masu wasan jirgi suka gani suka ce ai wannan tamu ce. Samfuri na biyar, TrackIR 5, ya fito a 2009, yana ɗaukar hoto 120 a sakan ɗaya, faɗin ganinsa ya ɗan haura digiri 50, kuma har yau shi ake sayarwa. A duniyar kwamfuta, inda wayar bara ta zama tsohon yayi, na'urar da ta haura shekara goma sha biyar a kasuwa ba a sauya ta ba tana gaya maka cewa matsalar da aka sa ta warwarewa ta riga ta warwaru.

Iri biyu ne abin sawarta. Akwai mai ƴan madubai uku da ake maƙalawa a bakin hula, kyamarar ce ke haska su da fitilunta su mayar mata da hasken. Ba waya, ba batir. Akwai mai fitilun kansa da ake maƙalawa a gefen hedifon, yana shan wuta ta USB. Na farkon yana bukatar hula mai baki, don haka damanga da ƙube ba su da rabo a nan, sai hana-sallah. Na ce wa yaron, hular dai ta ci sunanta, kada wasan ma ya ci.

Kuɗinta wajen dala 150 ne, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. Wato jika tamanin zuwa casa'in na sefa gwargwadon canji, kafin kuɗin aiko da na duwan, kuma sai ka samu ɗan'uwan da zai taho da ita daga Faransa ko wanda zai nemo maka ta Kano. Manhajarta a Windows kaɗai take aiki. Wannan ma abin lura ne ga samarin da suka saba da gidajen wasan PlayStation: kusan duk wannan harka ta kwamfuta ce.

Yanzu ga abin da takardar cikin kwali ba za ta jaddada wa mutumin Damagaram ba. Babban maƙiyin wannan na'ura rana ce. Kusan rabin ƙarfin hasken rana infirared ne, daidai irin wanda kyamarar ke farauta. Waɗanda suka ƙera ta suna zaune a garin hadari da yayyafi; mu kuwa ranarmu ba ta zuwa hutu. Taga a bayanka, ko ƙofa a buɗe, ko ɗan hujin kwano da ke sako tsinken haske a bango, kowanne ɗigo ne na huɗu a idon kyamara. Da ta ga huɗu sai ta rasa waɗanne uku ne naka, kallon ya fizge sama ko ya kife ƙasa. Mai madubai ya fi shan wahala, don haskensa aro ne, ba shi da ƙarfi. Gilashin ido ko agogon hannu mai sheƙi ma suna ruɗa shi. Mai fitilun kansa ya fi jurewa, don ana iya rage buɗewar kyamara har komai ya dushe sai su kaɗai.

Kuma ba rana kaɗai ba. Wani dare yaron ya fito da kwamfutarsa fada don abokai su gani. Komai yana tafiya daidai, ya tashi daga filin jirgin Zinder, wato Damagaram, wanda lambarsa a taswirar matuƙa DRZR ce, ya nufi Kano. Can sai kallon ya fara haukacewa, yana zabura yana dawowa, kamar an jefi jirgin da asiri. Aka duba waya, aka duba kyamara, aka sake kunna manhaja. Ashe mai dafa shayi ne ya matso da murhunsa bayan kujera, duk lokacin da ya fifita gawayin ya yi ja, kyamarar ta ga sabuwar fitila. Duk abin da ke ci da wuta haka yake: kyandir, fitilar ƙwai, tsohon ƙwan lantarki mai zare. Masu na'urar wasa ta Wii sun daɗe da sanin haka, don sandar da ake ɗorawa bisa talabijin ɗinta fitilun infirared ne kawai, kuma in ta lalace kyandir biyu suna maye gurbinta. Ƙwan LED na zamani da dogon ƙwai fari ba su cika kawo wannan matsala ba. Maganin dai bai wuce a juya tebur ba: bango mara taga a bayanka, labule mai kauri, mai shayi kuma ya koma gefe.

Ga wanda jika casa'in ta fi ƙarfinsa, wato kusan dukanmu, akwai manhajar opentrack, kyauta ce, kowa yana iya saukewa. Ta gaji wasu da suka gabace ta irin FreeTrack da FaceTrackNoIR, kuma tana magana da wasanni da harshen da suka saba ji daga TrackIR, don haka Microsoft Flight Simulator, DCS World, IL-2, har da wasan tuƙin tirela Euro Truck Simulator 2, duk suna karɓarta. Abin da ya rage shi ne a ba ta ido da ɗigo uku. Hular ɗan yayata haɗin gida ce. Kyamarar da masu haɗin gida suka fi so ita ce PlayStation Eye ta 2007, wadda aka yi wa PlayStation 3, don tana ɗaukar hoto 60 a sakan kuma a kayan gwanjo ba ta da daraja. A cikinta akwai ɗan gilashin da ke tare infirared, wasu sukan cire shi, aikin da ke bukatar haƙuri don kuskure kaɗan ke lalata idon. Sannan a rufe bakinta da abin da ke tare hasken gani ya bar infirared ya wuce: baƙin faifan cikin tsohon flofi, ko baƙin ƙarshen fim ɗin hoto irin na da. Wanda ya ajiye tarkacen ofis na shekarun 1990 yau ranarsa ce.

Fitilun kuwa kowane mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole zai iya haɗa su da dalma. Kowane ƙwan infirared yana shan wajen bolt 1.5. A haɗa uku bi da bi, wuta ta ratsa ɗaya ta shiga na gaba, sun sha 4.5, USB tana ba da 5, saura rabin bolt, sai a sa resista, wato ƴar abin rage wuta, ta om 10 ta riƙe wutar a wajen miliamfa 50. Inda ake faɗuwa shi ne irin ƙwan. Na cikin rimot haskensa tsinke ne, gaba kawai yake harbawa, da ka juya kai kaɗan kyamara ta daina ganinsa. Ana neman mai faɗin haske, irin SFH 485 P mai shafaffen kai. In ba a samu ba, a goge ƙoƙon kan na rimot da takardar yashi har ya baje ya yi dishi-dishi. Firam ɗin da ke riƙe su dole ya yi tauri. In waya ce mai lanƙwasa, ranar da ƙanenka ya zauna a kan hular, ma'aunin da ka shigar a manhaja ya zama ƙarya, kuma ba za ka san dalilin da ya sa kallo ke zamewa gefe duk lokacin da ka ɗaga kai ba.

Akwai hanyar da ba ta bukatar fitila ko ɗaya: kyamara ta kalli fuskar kanta. Opentrack tana da sashen da ke gane surar fuska ta kyamarar kwamfuta, akwai kuma manhajojin waya irin SmoothTrack da ke amfani da kyamarar gaba su aika motsin zuwa kwamfuta ta Wi-Fi ko ta igiyar USB. Wannan aikawa tsakanin na'urori biyu ce a ɗaki ɗaya, ba ta cin kuɗin intanet. Matsalarta kishiyar ta farko ce: waccan duhu take so, wannan haske. Kyamara mai araha in haske ya yi ƙaranci takan rage yawan hotunan da take ɗauka don ta tara haske, kallon ya yi nauyi. Kuma in hasken yana bayanka, baƙar fuska takan zama inuwa kawai a idonta. Sai an sa fitila a gaba. Rawani mai amawali da ya rufe baki da hanci yana ɓatar da ita ɗungum. Waya kuma, a watan Afrilu, tana aikin kyamara ba tsayawa tana kuma caji, za ta yi zafin da za ta rage gudu da kanta.

Sauran hanyoyin a taƙaice. Akwai masu ɗaura ƴar na'urar jin juyi a kan hedifon, irin wadda ke cikin kowace waya, kamar EDTracker da aka yi don wasan Elite Dangerous. Ba ruwanta da rana ko gawayi, amma juyi uku kawai take ji, kuma tsakiyarta takan zame a hankali sai an riƙa dawo da ita. Akwai Tobii Eye Tracker 5 ta Suwidin, ta 2020, sanda ce siririya a ƙarƙashin allo mai bin kai da ƙwayar ido ba tare da an sa komai ba. Daɗi gare ta, ta kuma haura dala 200. Sai gilashin VR, wato allon da ake ɗaurawa a fuska ya rufe idanu, irin Meta Quest, wanda shi ba ninki a cikinsa, ka juya baya ka ga baya. Ba abin da ya kai shi sa mutum ya ji yana cikin jirgi. Sai dai yana neman kwamfuta mai ƙarfin gaske, ba ka ganin maɓallan gabanka, kuma soso ne manne a fuska. A bazarar da zafi ke haura digiri 40, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, minti goma ya isa gumi ya rufe gilashin.

Abin da na fi son mai karatu ya riƙe bai shafi wace na'ura ba. Mutane da yawa sukan gwada rana ɗaya, su ji jiri, su jefar, su ce abin banza ne, alhali saiti ne ba su yi ba. A manhajar akwai zane mai lanƙwasa ga kowane motsi, shi ke faɗin digiri nawa na kai zai zama nawa a allo. In ka ja shi miƙe, ninki shida tun daga tsakiya, to numfashinka ma sai ya girgiza jirgin, kuma ba za ka iya kafa ido kan agogo ɗaya ba. Abin da ake so shi ne ya kwanta a tsakiya, inda ɗan motsi ba ya haifar da komai sosai, sannan ya riƙa miƙewa yayin da kake nisa zuwa gefe. Wasu sukan bar wani fili a tsakiya da ba ya motsi sam. Ni ban so shi da faɗi, don kallon yakan maƙale sannan ya fizge, kamar ƙofar da ta kumbura da damina.

Ninkin nan kuma ba motsinka kaɗai yake ninkawa ba, har da kuskuren kyamara. In ta yi rawar rabin digiri, a ninki shida ya zama digiri uku a allo. Don haka ake sa matata mai lallashin motsin, amma kowane lallashi jinkiri ne. Ka ƙara shi da yawa, ka juya kai sannan kallo ya biyo baya kamar jakin da aka ɗora wa kaya, kuma wannan saɓani tsakanin abin da kunne ya ji da abin da ido ya gani shi ke kawo jiri da tashin zuciya. A nan ne yawan hotuna ke da amfani. Kyamara mai 30 a sakan tana ba da sabon labari bayan kowane kashi 33 cikin dubu na sakan, mai 60 bayan wajen 17, mai 120 bayan 8. Daga 30 zuwa 60 kowa zai ji bambanci. Daga 60 zuwa 120 akwai shi, amma ni ban ga ya kai jika casa'in ba, sai ga mai faɗan sama da wasu mutane ta intanet. Sai maɓalli guda da ya zama dole a ɗora a kan sandar tuƙi, na mayar da kallo tsakiya. Ba wanda ke zama iri ɗaya awa guda. Ka zame a kujerar roba kaɗan, matuƙin cikin jirgi ya nutse har hancinsa ya kai ga agoguna.

Shawarata ga wanda zai fara: kada ya kashe ko dala. Ya sauke opentrack, ya gwada da kyamarar da ke jikin kwamfutarsa ko wayarsa, ya ba wuyansa mako guda ya saba, don kwanakin farko kai yakan wuce gona da iri. In ya ga zai ɗore, ya nemi mai dalma. Kuɗin da ya rage ya fi amfani a wani wurin, don wasannin kansu ba su da sauƙi a nan. Microsoft Flight Simulator na 2020, wanda kamfanin Asobo na Bordo a Faransa ya haɗa, ya haura giga 100 wajen saukewa, kuma yana ci gaba da jawo hotunan ƙasa ta intanet kana cikin tafiya. Na 2024 ya fi shi dogaro da intanet. X-Plane da FlightGear, na biyun ma kyauta ne, in an sauke su sau ɗaya ana iya tashi ba layi. DCS World ma ana shiga kyauta da jirage biyu.

Makon jiya na koma Sabon Gari bayan la'asar. Ya juya teburin ya ba bango baya, ya rataya tsohon bargo a taga. Na sa hular, muka tashi daga Zinder a Cessna, tafiyar kilomita wajen 200 zuwa Kano, kusan awa guda. Da na iso na bi gefen titin, na ɗan karkata kai na gan shi yana zamewa bayan fiffiken hagu, na yi kwanar farko, na yi ta biyu, idona a kansa. Na dira da ƙarfi har jirgin ya yi tsalle sau biyu, amma a kan kwalta. Yayata tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta ɗaga labule don ta ga abin da ya sa muke ihu, hasken yamma ya faɗo ɗakin, kallon ya kife yana nuna ƙasan kujera.